Kada A Yabi Giyabos Tun Yana Cikin Kwali

Ranar da kwalin nan ya iso, ɗakin aikin ɗaliban injiniya ya cika maƙil, har da waɗanda tun da suka zo jami'a ba su taɓa riƙe sifana ba. Wata uku ana dakonsa. An yi karo-karo, an bi tsofaffin ɗalibai gida-gida ana neman gudummawa, an kuma sha zarya kafin a fito da shi daga tashar jirgi. Da aka farke bakinsa, sai ga kaya a nannaɗe cikin leda: injinan lantarki baƙaƙe guda huɗu, da tayoyi shida, da sandunan alminiyam masu huji a jere, da kusoshi ƙulli-ƙulli, sa'an nan ga abin da kowa ya fi zura wa ido, watau akwatunan giya guda uku, suna ta ƙyalli kamar jeren ɗakin amarya. Biyu na tayoyi ne, sun zo a warwatse tare da takardar da ke nuna yadda ake haɗa su. Na ukun dogo ne kamar gwangwanin madara, na ɗaga hannun mutum-mutumin da za a ƙera, shi kuwa a haɗe ya zo, a rufe ruf.

Aka dinga miƙa su hannu zuwa hannu. Wannan ya ɗaga ya ji nauyi, wancan ya murza sandar ya kara kunne, wani ya zaro waya yana ɗaukar hoto. Kafin a kira sallar Magariba an riga an yanke hukunci: kaya sun yi, gasa kuwa tamu ce. Alhali ko waya ɗaya ba a jona wa batir ba.

Domin kada wani malamin addini ya ga kan maganarmu ya tayar da hankalinsa, bari mu faɗa tun da wuri cewa giyar da muke nufi ita ce ta inji, wadda direba ke sauyawa in zai hau tudu, akwatinta kuwa shi makanikai ke kira giyabos. Abin da ya sa muka ga ya kamata Mujallar Ƙungiya ta sa baki shi ne, tun daga wannan rana ɗalibai suka rabu gida biyu. Kashi na farko suna ganin tun da dai kayan daga Amurka suka fito, aiki ya ƙare, sai a ɗaura a tafi. Kashi na biyu kuwa, waɗanda kishin ƙasa ya fi yi musu zafi, cewa suke yi abin kunya ne ɗalibin injiniya ya sayi giyabos, kamata ya yi ya ƙera nasa. Mu dai ra'ayinmu shi ne a saya, babu laifi ko kaɗan, amma da sharaɗin kada a ɗaura shi jikin mutum-mutumi sai kowane ɗan ƙungiya ya kwance shi da hannunsa, ya ƙidaya haƙoransa, ya yi lissafinsa a takarda, kuma kada a yabe shi sai ya sha wuya a filin gwaji. Ga dalilanmu.

Da farko ya kamata mai karatu, musamman wanda fanninsa Larabci ne ko Shari'a ko Mulki, ya san aikin da wannan akwati yake yi, don abin ba shi da wuyar ganewa. Injin lantarkin da aka daɗe ana amfani da shi a gasar FIRST ta Amurka, wanda ake kira CIM, in aka jona shi da batir mai folt 12 aka bar shi ba kaya, yakan yi juyi wajen 5,300 a minti ɗaya. Tayar da aka saba sa wa irin waɗannan injuna faɗinta inci 6 ne, watau kowane juyi ɗaya tana cin ƙasa kimanin santimita 48. To, da za a ɗaura tayar kai tsaye a bakin injin, lissafi ya nuna za ta nemi gudun fiye da kilomita 150 a awa, a cikin filin da tsawonsa kimanin mita 16 ne. Wannan a takarda ke nan. A zahiri ko motsawa da ƙyar za ta yi, domin injin mai gaggawa ne amma ba shi da ƙarfin murɗawa, mutum-mutumin kuwa nauyinsa ya haura kilo 50. Sai ya tsaya yana gurnani yana zuƙar wuta har ya ƙone.

Giyabos shi ke sayar da gudu ya sayo ƙarfi. Duk wanda ya taɓa hawa keke mai giya ya san haka a ƙafarsa ko bai sani a kansa ba. Mu ɗauki misalin akwatin da kamfanin AndyMark ya fitar mai suna Toughbox Mini, wanda dubban ɗalibai suka fara koyo da shi. A ɗaya daga cikin haɗe-haɗensa, ƙaramin faifai mai haƙora 14 da ke bakin inji yana juya babba mai haƙora 50. A kan sandar wannan babban akwai wani ƙarami mai haƙora 16, shi kuma yana juya mai haƙora 48. Raba 50 da 14, ka ninka da abin da 48 ya ba ka in ka raba shi da 16, za ka sami 10.71. Ma'ana, sai inji ya juya kusan sau goma sha ɗaya kafin taya ta juya sau ɗaya. Gudun nan na hauka ya sauko zuwa kimanin mita 4 a daƙiƙa, ƙarfin murɗawa kuma ya ninku kusan sau goma, bayan an cire abin da gogayyar haƙora ta cinye. In aka sauya faifai biyun ƙarshe aka sa mai 19 da mai 45, sai lissafin ya koma 8.45, mutum-mutumi ya ƙara gudu ya rage ƙarfin ture abokin karawa. Wannan zaɓi kuwa babu kamfanin da zai yi wa ɗalibi shi. Shi ne zai dubi dokokin gasar bana, ya ga ko tsere ake bukata ko kokawa, ya zaɓa. Mun tambayi biyar daga cikin masu ɗaukar hoton nan haƙora nawa ne a faifan farko na akwatin da suka haɗa da hannunsu. Mutum ɗaya ne ya sani.

Su kansu Amurkawan ba da kaya masu ƙyalli suka fara ba, kuma wannan tarihi ya kamata kashi biyun nan duka su ji shi. A cikin shekarun 1970, a jami'ar MIT, Farfesa Woodie Flowers yakan ba kowane ɗalibin ajinsa kwali ɗaya na tarkace iri ɗaya, ya ce kowa ya ƙera injin da zai kara da na ɗan'uwansa a ƙarshen zango. Dean Kamen ya kafa ƙungiyar FIRST a 1989, su biyun suka ɗauki wannan dabara suka kai ta makarantun sakandare, aka yi gasar farko a 1992 a wani ɗakin wasanni na makaranta a garin Manchester ta jihar New Hampshire, da ƙungiyoyi 28. Shekara da shekaru, abin da ke cikin kwalin da ake raba wa yaran nan shi ne injin ɗaga gilashin ƙofar mota, da injin jan ƙofar bas, da injin huda katako mai batir wanda ake farke shi a ciro giyarsa, da injin motar wasan yara. Ƙungiyar da ke da injiniyoyin babban kamfani a bayanta takan yanka giyarta da kanta, ta yi akwati mai sauya gudu. Wadda ba ta da kowa sai ta wuni tana fama, ta zo ranar gasa da abin da ko tafiya ba ya yi.

A 2004 wasu injiniyoyi biyu daga garin Kokomo na jihar Indiana, Andy Baker da Mark Koors, waɗanda suka daɗe suna horar da yara a wannan gasa, suka kafa AndyMark suka fara sayar da giyabos haɗaɗɗe ga duk mai so. A ƙarshen 2012 kamfanin VEX na Texas ya fito da nasa jerin kayan, ciki har da akwatin da ake jera masa hawa-hawa yadda mai shi ya ga dama. Daga 2019 kuma injinan da ba su da gawayin burushi suka shigo, sun fi tsofaffin ƙarfi, sun kuma fi su rashin nauyi. Duk lokacin da irin wannan ya faru sai an yi irin gardamar da muke yi yau: wasu su ce an kashe ƙirƙira, yara sun koma masu haɗa kayan wasa. Amma abin da ido ya gani shi ne, ƙungiyar talakawa da a da takan ƙare makonni shida na ƙira tana neman yadda taya za ta juya, yanzu takan gama wannan cikin kwana biyu, ta ba da sauran lokacin ga hannun da zai ɗauki ƙwallo da kuma shirin kwamfuta da zai tuƙa shi. Saboda haka masu cewa sayen giyabos abin kunya ne, su sani ɗalibin da ke Indiana ma saye yake yi, injiniyan da ke ƙera tarakta ma ba shi yake ƙera boris ɗinsa ba.

To, amma ɗalibin Indiana yana da abin da ba mu da shi, kuma nan ne kallon farko yake yaudararmu. In haƙori ya karye masa ran Litinin, kafin Juma'a sabo ya iso ƙofar gidansu. In ya je filin gasa, ƙungiyar da ke kusa da shi tana da irin kayansa sak, sai ta ara masa. Mu kuwa wata uku muka jira, kuma kowane abu guda ɗaya muka saya, ba na canji. Wanda yake da halin sakewa yana iya yin sakaci ya koya daga ɓarnarsa. Wanda ba shi da shi dole ya san kayansa tun kafin su karye.

Me hannu da ido za su gaya maka game da giyabos sabo? Za su gaya maka nauyinsa, da santsin fentinsa, da cewa sandar tana juyawa lami lafiya sa'ad da babu kaya a kanta. Ko akwatin banza ma yana yin haka. Halinsa na gaskiya ba ya fitowa sai mutum-mutumi ya taho da gudunsa ya yi karo da wani, ko direba ya juya daga gaba zuwa baya farat ɗaya, nauyin kilo 50 ya faɗa kan haƙori ɗaya ko biyu. Ba ya fitowa sai injin ya cije a jikin bango: CIM ɗin nan in aka hana shi juyawa yakan ja wuta wajen amfiya 130, alhali abin katse wutar da doka ta ce a sa masa na amfiya 40 ne, babban na mutum-mutumin duka kuma na 120. Ƙungiyar da ta zaɓi giyar gudu don burgewa, ta shiga turereniya da injuna huɗu, za ta ga batir ya durƙusa, kwamfutar ta ɗauke, abin ya tsaya cik a tsakiyar fili, wasan kuwa duka-duka kimanin minti biyu da rabi ne. Laifin ba na akwatin ba ne, na wanda bai yi lissafi ba ne. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Akwatin nan na uku, mai kama da gwangwani, shi ya fi ba mu tsoro, don shi aka fi yabo kuma shi ne ba wanda ya leƙa cikinsa. Irinsa ƙaramin faifai ne a tsakiya, wasu ƙanana uku ko huɗu suna kewaya shi, dukkansu kuma a cikin wani zobe mai haƙora ta ciki, shi ya sa masana suka yi masa suna da rana da duniyoyin da ke zagaya ta. Kyansa shi ne ana jera shi hawa bisa hawa: mai 10 a kan mai 10 ya ba ka 100, cikin abin da bai fi tafin hannu ba. Sai ɗalibi ya ga ya sami ƙarfin ɗaga duniya. Abin da bai lura ba shi ne, gwargwadon yadda hawa ɗaya ya yi yawan ragi, gwargwadon ƙanƙantar faifan tsakiyarsa, kuma shi ne zai fara karyewa. Hannu mai tsawon mita ɗaya da ke riƙe da kaya kilo 3 a miƙe yana murɗa gindinsa da ƙarfin kusan niyuton-mita 30, ban da nauyin hannun kansa. In aka bangaje shi yana cikin tafiya, wannan adadi ya ninku. Kamfanonin kirki sukan buga jadawalin iyakar abin da kowane haɗi zai iya ɗauka, kyauta, a intanet. Mutum nawa ne cikinmu suka karanta? Dabarar da tsofaffin hannu ke yi ita ce su bar hawan ƙarshe ga sarƙa irin ta keke ko ta babur, domin in duka ya zo sarƙar ta sha, ita kuwa ko a bakin kasuwa ana samunta.

Kada kuma a ɗauka cewa abin da ya fito daga babban kamfani ba ya zuwa da aibu. A kakar 2020 wani sabon inji ya shiga kasuwar gasar nan, kowa yana yabonsa, kuma ya cancanci yabo ta fuskar ƙarfi. Ba a jima ba aka gano cewa a wasu daga cikinsu ƙananan kusoshin da ke riƙe da sandar suna kwancewa da kansu, sai da aka sanar da masu shi su buɗe su sa musu gam ɗin riƙe kusa. Waɗanda suka saba buɗe kayansu sun gyara cikin minti kaɗan. Waɗanda ke tsoron taɓa abin Bature sun gane ne bayan injin ya cije.

Bayan wannan akwai matsalolin da namu ne mu kaɗai, waɗanda mai ƙera kayan bai yi tunaninsu ba don ba a ƙasarsa suke ba. Ta farko ita ce awo. Nijeriya ta koma awon mita tun cikin shekarun 1970, Nijar kuwa da shi ta tashi, amma yawancin kayan babbar gasar Amurka da inci aka yi su. Sandarsu mai kusurwa shida ce, kaurinta rabin inci, watau milimita 12.7, boris ɗin da ke riƙe ta kuma hujinsa mai kusurwa shida ne. Je ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka nemi irinsa ka gani. Kusoshinsu zarensu daban yake da namu, in ɗaya ya faɗi ya ɓace, wanda za ka saya a gari zai shiga juyi biyu ya cije ya lalata ramin. Haƙoran giyar ma haka: girman haƙorin da suka fi amfani da shi, in aka juya shi zuwa awon mita, 1.27 ne, na kusa da shi a namu awon 1.25, karkatar gefen haƙorin kuma sau da yawa digiri 14.5 ce a nasu, 20 a namu. A ido tagwaye ne. In ka haɗa su za su juya, su yi ta kuka, su cinye juna cikin mako. Wanda zai yi odar kaya ya kamata ya san wannan kafin ya biya kuɗi, domin akwai kayan gasa da aka yi da awon mita, irin waɗanda ake raba wa ƙasashe a gasar FIRST Global, wadda aka fara a birnin Washington a 2017 da ƙasashe fiye da 150, Nijeriya na ciki.

Ta biyu ita ce ƙura. An ƙera waɗannan kaya ne don su yi tafiya a kan kafet cikin ɗakin wasanni a rufe, da yawansu ma giyarsu a fili take ba murfi. Mu kuwa a kan siminti muke gwaji, taga a buɗe, hunturu yana kaɗawa. Giris in ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama abin wasa wuƙa, faifan alminiyam kuwa ba ya jure masa. Murfin da za a yanka daga galan ɗin roba, da wanke giya da kananzir a sake mata giris duk bayan 'yan kwanaki, sun fi duk wani hoto amfani. Ta uku zafi: robar da aka fi zuba wa na'urar nan mai fitar da kaya daga zanen kwamfuta takan fara laushi tun daga kimanin digiri 60, bayan mota kuwa a rufe cikin ranar watan Afrilu ba ya rasa kaiwa kusa da haka. An sha ɗora mutum-mutumi lafiya a sauke shi da karkataccen faifai.

Yanzu bari mu koma ga 'yan'uwanmu masu kishi, domin maganarsu tana da tushe ko da yake sun kuskure wurin ɗora ta. Tsoronsu shi ne kada mu maimaita abin da iyayenmu suka gani. A 1975 aka fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kayan suna zuwa daga Faransa a cikin akwatuna, har da ta jirgin sama zuwa Kano. Aka buɗe irin wannan masana'anta ta Volkswagen a Legas, da Leyland a Ibadan, da Steyr a Bauci, da ta manyan motocin Fiat a Kano. Fatan da aka yi shi ne daga haɗawa a hankali a kai ga ƙerawa. Da kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, darajar Naira kuma ta faɗi daga 1986, akwatunan suka yi tsada, yawancin masana'antun suka durƙushe, ba a kai ga yanka giyar motocin a gida ba. Indiya ta kafa kamfaninta na ƙera injinan da ke ƙera injuna, HMT, a 1953, har ta zo ta zama abokiyar tarayyarmu wajen kafa namu a Osogbo a 1980. Duk wanda ya san wannan tarihi, ya ga ɗaliban injiniya sun zagaye kwali suna bin hoto suna ɗaura kusa, dole gabansa ya faɗi.

Mun yarda da tsoron, maganin ne ba mu yarda da shi ba. Yanka giyar da za ta jure duka yana bukatar injin yanka haƙora na musamman, da ƙarfen da aka san haɗinsa, da wutar da za a gasa shi ya taurara daidai, da ma'aunin da ke ganin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Tazarar da ke tsakanin sanduna biyu in ta ƙaru kaɗan haƙora su yi lako-lako, in ta ragu kaɗan su cije. Ɗalibin da aka ce ya yi wannan da zarto da magagari cikin mako shida, ga lacca ga jarrabawa, ba kishin ƙasa aka koya masa ba, an dai koya masa faɗuwa, kuma baɗi ba zai dawo ba. Hanyar da muke gani ta fi ita ce ta tsakiya, kuma ita masu abin suka bi tun farko. A sayi na tayoyi, tun da in ƙafa ta mutu komai ya mutu. Sauran kuwa a nema a gida. Injin ɗaga gilashin mota da na share ruwan gilashi suna nan jibge a kowace kasuwar 'yan gwangwan, folt 12 suke ci, kuma giyarsu mai kama da zaren kusa ce, wadda ba ta saurin komawa baya in an ɗauke wuta, abin da hannun ɗaga kaya yake so ke nan. Sarƙar keke da ta babur, da boris ɗin injin markaɗe, da bel ɗin tsohuwar na'urar buga takardu, duk kaya ne. Sa'an nan a ɗauki akwatin da aka sayo a auna shi ciki da waje, a zana shi, a kai wa masu injin sassaƙa ƙarfe a gari su yi sanduna da faranti irinsa, a sa masa faifan da aka saya, a gwada su gefe da gefe. Bana faranti, baɗi sanda, wata shekara haƙori.

Akwai gasar jami'o'i da ake kira ABU Robocon. Kada 'yan Zariya su yi saurin murna, wannan ABU ɗin ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ce ta Asiya da Fasifik. An fara ta a Tokyo a 2002, kuma ɗaliban Biyetnam ne suka cinye ta farko, a gidan Japan, suka kuma sake ci sau da dama bayan haka. Masar tana shiga, har ta karɓi baƙuncinta a Alƙahira a 2010. Biyetnam ta 2002 ba ƙasa ce mai kuɗi ba. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa tsadar abin da ke cikin kwali ba ita ke yanke hukunci a fili ba.

Ga yayyenmu da suka gama suka kama aikin gwamnati, waɗanda mun san suna karanta wannan mujalla, muna da roƙo, domin gobe takardar odar irin waɗannan kaya a teburinku za ta sauka, ko ta makarantun fasaha ko ta ma'aikatar kimiyya. Halin da muka gani a ɗakin aikinmu shi ne halin da ya cika ɗakunan ajiya na ƙasar nan da injuna sababbi fil waɗanda suka mutu saboda abin da bai kai kuɗin cefane ba. Ana sayen abin da zai yi kyau ranar bikin buɗewa, a manta da ranar da zai lalace. In takardar ta zo, ku duba: an sa kayan canji? An sa mabuɗan kwance shi, na inci ko na mita? An sa giris da cajar batir? Akwai wanda za a horar ya buɗe shi, ko kuwa za a kulle shi a kabad a ba maigadi makulli don kada yara su ɓata? Kwali takwas da kayan canjinsu sun fi kwali goma tsirara. Ku kuma tuna da injin sassaƙa ƙarfen da ke kwance a ɗakunan aikin makarantu da yawa, wanda sau da yawa bel ne kawai ko wuƙar yanka ya rasa. Gyaransa bai kai kuɗin kwali ɗaya ba.

Mu kuma a nan gida, abin da muke nema daga Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai a zamanta mai zuwa kaɗan ne. Kada a sake ba wata ƙungiyar ƙira tallafi daga asusun ɗalibai sai ta kawo lissafin giyarta a rubuce, da sa hannun 'yan aji ɗaya da na aji biyu, ba na shugabanni kaɗai ba. A ware kashi ɗaya cikin biyar na kowace oda don kayan canji. A sayi littafi mai bango mai ƙarfi a ajiye a ɗakin aiki, duk abin da ya karye a rubuta ranar, da abin da ake yi sa'ad da ya karye, da abin da aka gani da aka buɗe, shi kansa karyayyen a ɗaura masa takarda a jefa a akwati, domin masu zuwa baya su tarar. Akwatin nan na uku kuwa, mai kama da gwangwani, mun sami alkawari daga shugaban ƙungiyar ƙira cewa ran Asabar da hantsi za a kwance shi a bainar jama'a. Mai zuwa ya zo da biro da takarda, wanda kuma yake da mabuɗin kusa mai kusurwa shida na awon inci ya taimaka ya zo da shi, don wanda ke ɗakin aiki na mita ne.